Takaba da Kwamfutar Mukhtar

Tun farkon makon nan marka ta sauka a Funtuwa. Ba tsawa, ba walƙiya, sai yayyafi mai naci da ke kwana ya wuni. Wankin da na shanya ya fara tsami a kan igiya, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Yarana suna kwance a falo, kowa da waya a hannu, da sun dangwala yatsa sai fim ya buɗe, in bai yi musu ba su yi tsaki su canza wani. Ni kuwa in aka yi irin wannan ruwa ba na iya kallon komai. Sai in koma kicin in zauna, ina jin warin ɗanyen itacen da ba a ma hura shi a gidan nan.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Lokacin ina aurena na fari, a wani ƙauye bayan Maska, gidan ƙasa mai sassa uku: na surukata Inna Laraba, na babban ɗanta Yaya Sule da iyalinsa, sai namu ni da autanta, Mukhtar.

Ni littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina sakandare nake hayarsu a bakin kasuwa, in ɓoye cikin hijabi, in karanta har bangon ya yage. A cikinsu na koyi cewa masoya sukan sha wuya, amma shafin ƙarshe nasu ne. Mukhtar bai taɓa yi mini dariya a kan wannan ba. Malamin firamare ne, manomi da damina, kuma mayen fim. Duk hutun makaranta sai ya tafi Kano wurin wasu masu shirya fim, yana ɗaukar musu fitila da wayoyi, yana jiran ranar da za a ce ya tsaya gaban kyamara.

Yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya saya ta hannu. Ya ce ta tsufa da ɗaukar Windows, tsarin da kowa ke amfani da shi, don haka abokinsa Aminu na Zariya ya koya masa ya sa mata wani da ake kira Linux. Ya ce wannan kamar jaki ne, da ƙaiƙayi ma sai ya yi maka aiki. Alamarsa wani tsuntsu ne baƙi mai farin ƙirji da ƙaton tumbi. Inna ta gan shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ai hankaka ne ya ƙoshi." Daga ranar sunan kwamfutar ya zama hankakan Auta.

Idan zai yi tafiya, sai ya zaunar da ni bayan la'asar, ya ɗauki littafin da nake karantawa, ya kunna kwamfutar tana naɗar muryarsa. Babi-babi yake karanta mini. In ya zo kan uban yarinya ya kumbura murya, in ya zo kan yarinyar ya maƙale ta, ya cire sunanta ya sa nawa. Wani wurin sai ya bar littafin ya shiga faɗin nasa, maganganun da ko takarda za ta ji kunyarsu. A ciki ana jin kukan akuya, ana jin dariyata, ana jinsa yana cewa, "Sa'ade, ki bari mana, kina ɓata mini aiki." Ya ce in ba ya nan in riƙa saurare, kada kewa ta cinye masa mata.

Babu wanda ya san da wannan a gidan. Ta yaya ma za a sani? Ko sunansa ba na faɗa a gaban Inna. Yaya Sule kuwa tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba, in yana da magana da ni daga bakin ƙofa yake tsayawa, ya faɗa wa Inna ta faɗa mini, ina zaune ina ji.

A shekarar aka ba Mukhtar fitowa a fim. Ya dawo yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa. "Magana ɗaya aka ba ni," in ji shi, "amma wallahi ke na sa a gabana na yi ta." Da ruwan shuka ya sauka ya shuka masararsa, ya koma Kano ƙarasa aiki. A hanyar dawowa motarsu ta kife. An kawo gawarsa da rana tsaka. Wayarsa ba a ganta ba har yau.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Zane ɗaya mai duhu, in ya yi dauɗa in wanke in sa ɗan'uwansa.

Kamar sama ma ta yi fushi da mu. Ana gama shuka ruwa ya ɗauke. Masara ta fito ta murɗe kamar igiya, da rana in ka taka tsakar gida sai ka ɗaga ƙafa. Maza suka fita roƙon ruwa, na ji muryoyinsu daga ɗaki. Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka rabin gonaki, da irin da aka so a ci. Azumi ya same mu a haka, rumbu ya yi ƙasa. Inna da kanta take sa a ciro dawa, ta auna da ido, ta mayar da dami ɗaya baya. Mu sha ruwa da kunun tsamiya tsararo, mu ci kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙulin da ba ya wuce shaida. Tuwo sai na sahur, shi ma malmala ƙarama. Yaya Sule yana noma gona biyu da azumi a bakinsa, tasa da ta marigayi. Ranar da abokan Mukhtar suka yi masa gayyar maimai, ba abin da za a ba su tunda ana azumi, sai da yamma muka dama musu fura da 'yar ragowar geron Inna. Na daka rabona a turmi, ina jin suna wasa da juna a zaure da irin barkwancin da shi ne yake fara shi.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan kwamfutar ce. Ba mu da wuta, sai Yaya Sule ya naɗe ta cikin buhun taki ya kai ta Maska wurin mai janareta, ya dawo da ita da caji. Shi a zatonsa hotuna nake kallo. Ni kuwa in na gama aikin rana sai in sake labule, in toshe kunnena da 'yar wayar sauraro, in kwanta. Sai Mukhtar ya shigo ɗakin. Ba na cinye babi guda a rana, tattalinsa nake yi kamar yadda Inna ke tattalin dawa.

Bayan ƙaramar Sallah marka ta sauka. Bango ya jiƙe har ana iya tura yatsa, katangar bayan gida ta zube, itace ya ƙi ci sai hayaƙi. Muna hura wuta idanunmu na zubar da ruwa, ba mai tambayar wani dalili. A cikin wannan ne Aminu ya kira 'yar ƙaramar wayata mai tocila. Inna ta zo ta zauna kusa da ni, don mai takaba ba ta hira da namiji ita kaɗai.

"Fim ɗin ya fito," in ji shi. "Amma ba a faifai ba. Sun gaji da masu kwafa suna sayarwa, sun ɗora shi a shafinsu na intanet, a nan kawai ake kallo, ba a saukewa. Kuma wata guda za su bar shi. Na yi miki rajista, modem ɗin Mukhtar yana nan?"

Yana nan. Ɗan abin da ake soka wa kwamfuta ta kama intanet ne. Na lissafa a raina: kafin in fita takaba an daɗe da cire fim ɗin.

Muryarsa ina da ita. Hotonsa na tsaye ina da shi. Amma tun ranar da ya fita da jaka a kafaɗa ban sake ganin ya motsa ba. Ina so in ga ya ɗaga gira, ya sosa bayan kunne, ya juya wuya. Ina so in ji maganar nan guda da ya ce ni ya sa a gaba. Abin ya kama ni kamar ƙishirwar azumi.

Sabis ba ya shigowa ɗakina sai ta taga. Na kife turmi na ɗora kwamfutar, na rataye modem ɗin a ƙusa da doguwar waya, na rufe shi da leda saboda feshi. Shafin ya buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ga hoton fim ɗin, ga manyan jarumai. Na danna. Sai wani baƙin akwati ya fito da rubutun Turanci a tsakiya. Na karanta wa Aminu.

Ya yi tsaki. "Na'urar kunna fim ɗin nasu tana buƙatar wani ƙarin abu, kuma ba su yi shi don irin tsarinmu ba. Tawa ma haka ta yi mini. Amma akwai dabara. Buɗe baƙin allon nan da Mukhtar yake rubutu a ciki."

Haka muka shiga. Kullum bayan azahar, in ruwa ya ɗan tsagaita, Aminu yana faɗo haruffa ina dannawa da yatsa ɗaya. "S kamar Sani. U kamar Umaru. A'a, ƙarami, ba babba ba. Ki bar fili." Fararen rubutu su yi ta gudu a kan baƙin allo, su kai rabi, hadari ya taso, sabis ya ɗauke, mu koma farko. Inna tana gefe tana tsinke zogale.

"Wai wannan addu'a ce kuke ja, ko kiran sunayen 'yan makaranta?"

"Inna, hanya muke nema masa."

"Hankaka dai ba ya zama tattabara. Na faɗa wa Auta tun yana raye, ya sayi irin ta mutane."

Wata rana Aminu ya sa na canza wa manhajar shiga intanet suna, ta yi wa shafin ƙarya cewa ita 'yar Windows ce. Shafin ya yarda, har wani zobe ya fara juyawa. Na riƙe numfashi. Kiɗan buɗe fim ya tashi, amma allon baƙi ƙirin. Ya yi kamar numfashi uku ya mutu. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da kwanaki suka ja, na yi ƙarfin hali na ce da Inna, kaina a ƙasa, an ce akwai shagon kwamfuta a Funtuwa da fim ɗin ke buɗewa, in da za a raka ni da rana mu dawo kafin la'asar.

Ta ce, "Asibiti lalura ce, 'yar nan. Fim ba lalura ba ne. So kike a ce matar Auta ta tafi gidan kallo, ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba?" Ta share ido da bakin zane. "Kina zaton ni ba na so in gan shi?"

Aminu ya ce in yi haƙuri, saura abu ɗaya, amma sai ya zo da kansa ya sa, da zarar ya samu sarari a wurin aiki. Bai ce kada in bari a taɓa ta ba. Bai zaci akwai wanda zai taɓa ba.

Ɗakina da zaure bango ɗaya ne. Ashe duk wannan Sani da Umaru da muke yi, Yaya Sule yana ji in ya dawo daga gona cin abinci. Ya ji roƙon da na yi wa Inna, ya ji amsarta.

Wata safiya ya yi sallama a bakin ƙofa. "Inna, a miƙo hankakan a kai caji." Na naɗe ta a buhun na ba Inna ta miƙa masa, kamar kullum. Azahar ta yi bai dawo ba. La'asar ta yi. Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Matarsa ta fara leƙa zaure. Sai gab da magariba muka ji babur, ya shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, buhun yana cikin rigarsa a ƙirji. Ya bar huɗar gonarsa ranar, wadda ya daɗe yana jiran a ba shi aron shanu ya yi.

"Inna, ki ce wa Amarya an gyara." Har lokacin Amarya yake ce mini. Ya ciro buhun daga rigarsa yana murna. "Funtuwa na wuce da ita. Wani yaro aka nuna mini a bayan tasha, ƙwararre ne. Ya ce wane ne ya sa mata wannan abin, ai shi ya sa ba ta aiki. Na ce to kada ka ɓata kayan marigayi. Sai ya kwance ta ya ciro wani ƙarfe, ya jona a tasa, ya juyo mini da fuskar ya ce, Baba duba da idonka, babu komai a ciki, fanko ce, ga shi ita da kanta tana cewa a wanke ta. Na ce ka tabbata? Ya rantse. Na ce to wanke, ka sa mata irin ta mutane."

Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta miƙo mini buhun.

Na buɗe. Hotonmu na ranar kamu da ke fuskarta babu shi, sai wani shuɗin fili. Na nemi wurin da yake ajiye karatun. Na nemi sunana, don da sunana ya sa wa jakar. Na danna duk abin da ke dannuwa. Tsaf take, kamar ɗakin da aka share bayan an fitar da gawa.

Washegari da Inna ta zaga bayan gida na kira Aminu, karo na farko ba kowa a kusa. Na faɗa masa abin da aka yi wa kwamfutar.

"Ba ƙarya yaron ya yi da gangan ba," in ji shi. "Tsarin nasu ba ya gane ajiyar namu. In ya gan ta sai ya ɗauka fili ne. Me ke ciki, Sa'ade?"

Na kasa faɗa masa shi ma. Na ce, "Za a iya dawo da shi?"

"An riga an zuba sabo a kai. Gonar da aka sake huɗa ce."

A littattafan da na sani, a nan ne yarinya take faɗuwa sumammiya a yayyafa mata ruwa. Ni tashi na yi na hura wuta, don ranar girkina ce, kuma itacen ya ƙi kamawa.

Bayan azahar Inna ta shigo da tabarmarta, ta sa mayafinta na zuwa biki. "To, kunna mana." Na rataye modem ɗin. Na danna. Fim ya buɗe nan take, ba gardama. Sai dai kwamfutar nishi take, sabon tsarin ya yi mata nauyi, hoton ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Muka zauna muna kallon soyayyar wasu mutane da ba ruwanmu da su, ruwa na ɗiga cikin kwano a kusurwar ɗaki, ina duban alamar caji tana raguwa.

Can wajen tsakiya aka ƙwanƙwasa ƙofar jarumar, ta buɗe.

Shi ne. Cikin shuɗiyar shaddar da na wanke masa na kai bugu da kaina. Ya ɗan rame. Ya ɗaga hannu ya sosa bayan kunne, ya sunkuyar da kai ya ɗago, gira ɗaya ta fi ɗaya tashi. Inna ta damƙe mini gwiwa har farcenta ya shige. Hoton ya tsaya a kan fuskarsa, bakinsa a ɗan buɗe, zoben nan yana juyawa a kan ƙirjinsa. Na yi addu'a kada ya wuce, na yi addu'a ya wuce.

Ya wuce. Leɓɓansa suka motsa, sai wata murya ta fito, mai kauri, mai santsi, ta mutumin birni: "Ya ce in gaya miki, ko shekara nawa ne zai jira."

Inna ta saki gwiwata. "Wane ne wannan ya shiga bakin Auta?"

Daga baya na ji dalili. Ƙarar janareta ce ta ɓata sautin wurin, da suka zo sake ɗaukar muryoyi kuma ya riga ya rasu, sai suka sa wani ya maimaita. Ya juya ya fita daga hoton, ba a sake nuno shi ba. Na mayar baya muka sake gani, na rage sautin har ƙasa. Muna cikin na uku caji ya ƙare.

Muna zaune muka ji an jingine fartanya a bango. Yaya Sule ne, ya baro gona da wuri. Inuwarsa ta tsaya a bayan labule, ruwa na zuba daga hularsa.

"Inna, ya buɗe? Kun gan shi?"

"Mun gan shi," in ji Inna.

"Ya yi magana?"

Inna ta dube ni. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan labulen, duk faso, taɓo ya cike tsagar. Mutumin da tun ranar jana'iza ba a ji dariyarsa ba. Ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba sai ranar.

"Ya yi magana, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"Alhamdu lillahi!" Ya tafa hannu, ya yi dariya har da tari. "Ai na faɗa muku yaron nan ƙwararre ne."

Har Allah ya karɓi ransa shekarun baya, duk wanda wayarsa ta lalace a ƙauyen, wurin yaron nan na bayan tasha Yaya Sule yake tura shi.